Motar da Inna ta kwanta a ciki

Har yau in na aje motata bakin kasuwar Tasawa sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, akwai burodi?" Ni kuwa in ce masa ya ƙare, ya dawo gobe. Ku yi dariyarku, jama'a. Ni na san abin da na saya, kuma wallahi da za a maida ni wurin dillalan Maradi yau, ita ɗin dai zan sake nunawa.

Ni ne ɗan fari wurin Inna. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta faɗin sunana, ba ta cin abinci ina wurin, in na shigo tana kishingiɗe sai ta tashi zaune ta gyara mayafi. Na yi furfura, na aurar da ɗiya, amma kunyar nan tana nan yadda take. Da ciwon ƙugu ya kama ta na ɗauko ta ta dawo gidana, maiɗakina ke kula da ita. Lokotoro a asibiti ya ce doguwar zama ba tata ba ce, in tafiya ta kama dole to a kwance za a yi ta.

Inna tana da yaya guda, can wani ƙauye gaba da Gidan Amumune. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Idanun yayar sun mutu, ita ma ba ta zuwa ko'ina, shekaru suka yi ta wucewa ba su haɗu ba. Da me za a kai Inna? Babur ɗin kabu-kabu? Ko motar kasuwa, a matse ta tsakanin buhu da akuya? Kullum aka zo daga can sai a ce tsohuwa jiki ya ƙi. Inna ba ta taɓa roƙona komai ba. Sai dai in ina ratsa tsakar gida ta ce wa maiɗakina, da muryar da za ta iso kunnena, "Ko Yaya za ta ga kakar bana, oho." Maganar nan tana cin raina ƙwarai.

Dama ina da niyyar sayen babbar mota. Iyali sun yi yawa, ga kayan shago, ga shi ina son in kaka ta yi mu riƙa kwana bakin gona maimakon jeka-ka-dawo. Sai na tafi Maradi wurin wani dillali da muka daɗe da sanin juna. Ya nuna mini wata ƴar Kwatano, kai, mota ta yi kyau! Tagogi ko'ina, kujeru masu laushi, in ka kwantar da na baya sai su zama gado. Na ce shi ke nan, an gama. Ya yarda ya biyo ni da ita Tasawa mu gwada.

Muka kwantar da kujeru, muka shimfiɗa katifa, maiɗakina ta kama Inna ta shigar da ita. Na ja muka hau hanyar Mayahi, laterit ɗin nan, jar ƙasa mai kakkarwa. Na duba madubi, sai ga Inna zaune cak, ta riƙe kujera da hannu biyu.

Na ce wa maiɗakina, "Ki ce wa Inna ta kwanta."

Ta ce, "Inna, ki kwanta mana."

Inna ta ce, "Lafiya lau nake."

Ba lafiya lau take ba, zufa ce ke keto mata. Ba mu yi nisa ba na juyo. Kwana da kwanaki ba ta iya tashi ko alwala sai an kama ta. Raina ya ɓaci, na shiga faɗa ni kaɗai a tsakar gida, ina cewa wace irin kunya ce wagga da za ta kashe mutum da ransa.

Maiɗakina ta bari na gama, sannan ta ce, "Alhaji, madubin ga naka fa? Duk ta ɗaga kai idonka take gani. Inna ta miƙe ƙafa gaban ɗanta na fari? Ko za ta mutu ba ta yi."

Na ce, "To sai a rataya zane tsakani."

Ta yi tsaki. "Zanen da iska ke ɗagawa? Ita ɗaki take so."

Wani abokina ya ce in ɗauki direba in yi zamana gida. Na ce masa haba! Wadda ba ta kwanta gaban ɗanta ba, gaban ɗan wani za ta kwanta? Kuma ko da za ta yarda, uwata ce za ta ganin yayarta, ina da permin tuƙi ina da ido, ba wanda zai kai ta sai ni.

Na koma Maradi na maida wa dillali motarsa. Ina zagayawa sai na hango wata fara can ƙarshen fili, irin wadda suke kira furgo. Doguwa, ba taga ko ɗaya a baya, ba kujera, kuma bayan mazaunin direba bango ne na ƙarfe tun daga ƙasa har sama. Dillali ya ga inda na nufa ya sha gabana.

Ya ce, "Alhaji, wagga ta kaya ce, ba ta mutum irinka ba. Sai a ce burodi kake rabawa."

Na ce ya buɗe. Ƙofar gefe ce mai zamewa, matakinta ƙasa-ƙasa, tsoho zai iya hawa ba sai an cicciɓe shi ba. Na shiga da babbar rigata na kwanta a ƙasa na miƙe tsawona, har da saura. Na ce masa ya hau wurin direba ya duba madubi.

Na ƙwala masa kira, "Kana ganina?"

Ya ce, "A'a."

Na ce, "Waiwayo. Yanzu fa?"

Ya ce, "Wallahi ko alama."

Na fito ina kakkaɓe riga na ce a kira mini makanike. Ba wai na saya ido rufe ba. Muka saurari inji, ta gazuwal ce, wato man dizal, ba ta hayaƙi. Muka leƙa ƙarƙashi, cikinta ya yi nisa da ƙasa, don na san rairayin da ke jiranmu bayan Gidan Amumune. Dillali dai har na tafi yana kallona kamar wanda ya zo sayen rago ya koma da jaki.

A Tasawa na kai ta wurin mai walda. Ya huda tagogi a gefe biyu don iska, ya kafa benci na maiɗakina da yara, ya yi gado gajere jikin bango ɗaya. Sama ya ɗora ƙarafan ɗaure kaya, inda tabarmi da bidon ruwa da murhun gaz da tamfal za su hau. Da ya gama sai ya ɗauko abin yankansa ya nufi bangon nan, wai zai buɗe mini don in riƙa jin hirar iyali. Na ce masa in ya taɓa shi ni da shi ne.

Da aka fara ɗaurin hatsi muka tashi, bayan sallar asuba. Na shiga gaba tun kafin a fito da Inna, na ji an ja ƙofa an rufe. Ina tuƙi ban san abin da ke faruwa bayana ba, duk ramin da muka faɗa sai in tuna ƙugun Inna. A Mayahi na tsaya shan gazuwal, maiɗakina ta sauko ta zagayo wurin tagata tana danne dariya.

Ta ce, "Tun ba mu fita gari ba ta kwanta. Yanzu haka barci take, har da minshari."

Jama'a, ban san sa'ad da na ce Allahu akbar da ƙarfi ba, mai zuba mai har ya firgita. Ban taɓa jin daɗin wani abu da na saya da hannuna kamar ran nan ba. Bayan Gidan Amumune na rage iskar tayoyi, muka ratsa rairayi tana gurnani tana tafiya, ba ta kafe ko sau ɗaya ba.

Mun isa rana ta karkata. Tsohuwar tana zaune ƙofar bukkarta tana ɓarar wake da lalube. Na tsaya nesa kaɗan, ƙarƙashin wani iccen bedi inda za mu kafa tamfal, don gidan bai iya ɗaukarmu. Inna ta sauko da ƙafarta, maiɗakina na riƙe da hannunta, ta taka har gabanta ta durƙusa.

Tsohuwa ta ce, "Wa ke nan?"

Inna ta ce, "Ni ce, Yaya."

Ta ce, "Ƙarya ne. An ce mini ba ki tashi."

Ta aje ƙwarya ta kamo fuskar Inna da hannu biyu, ta shafa goshi, ta shafa kunci, ta kai yatsa bakinta. Sai ta ce, "Ke, ina haƙoranki?"

Inna ta ce, "Sun bi naki."

Suka tuntsire da dariya, dariyar ta koma kuka, suka rungume juna suna yi. Ni ma na zagaya bayan mota na share nawa, ba na ɓoyewa.

Mun yi mako a can. Ni da yara maza ƙarƙashin tamfal, mun ɗaura sange saboda sauro, da safe mu kama wa mutanen gidan aikin gona. Tsohuwa kuwa ta ce ba ta yarda ƙanwarta ta kwana wani wuri ita tana wani wuri ba, aka kama ta aka shigar da ita mota, suka raba katifa ɗaya. Da hantsi za ka ji su suna musu kan wadda ta fasa tulun uwarsu suna yara.

Yayar Inna ba ta ga daminar gaba ba. Ran da saƙon rasuwar ya zo na shiga ɗakin Inna in yi mata gaisuwa, ina tsoron yadda zan iske ta. Tana zaune da tasbaha, mata sun kewaye ta. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa matan, "Alhamdu lillahi. Ni dai na ga Yayata da rai, mun ci tuwo ƙwarya ɗaya."