Kashi na Sha Biyu na Labarin Safina

A Bagudo, in ka ce Malam Bunyaminu ba lallai a gane ba, amma in ka ce dattijon nan mai baƙin littafi, kowane ɗan kabu-kabu zai nuna maka inda ya bi. Haifaffen Zagga ne. Ya yi karatun aikin gona a jami'a a Sakkwato, ya dawo ya shekara talatin yana malamin gona. Mutum ne mai son ƙa'ida. Har ya yi ritaya bai daina auna ruwan sama da gwangwani a tsakar gidansa yana rubutawa ba.

'Ya ɗaya Allah ya bar musu shi da matarsa Mariyamu, sunanta Safina. Da ciwon sikila aka haife ta, saboda haka rabin rayuwarta a kwance ta yi shi. A kwancen nan ta koyi abin da ya sa aka san ta. Sai ta ɗauki tatsuniyar da kakarta ta yi mata, ta sa mata kayan zamani, ta mai da ita labarin soyayya mai ban dariya, ta ɗauka da muryarta a waya, ta tura wa mata kashi-kashi. Daga Zagga har Illo har tsallaken iyaka ana jiran ta. Uban ya san tana yi, bai taɓa saurara ba. A ganinsa shirme ne, kuma uba ba ya zama jin 'yarsa tana zancen samari.

Tana da shekara ashirin da uku ciwon ya tashi da damina, kwana huɗu ta cika.

Bayan addu'ar uku aka fito da kayanta za a bayar sadaka, kamar yadda aka saba. Da aka zo kan wayar sai yayansa Abdulganiyu ya ja shi gefe.

"Bunyaminu, ka san mi ke cikin wagga waya? Ƙarya ce zalla da zancen aure da macizai. Duk wadda ta saurara ta yi dariya, Safina za a rubuta wa zunubin. Ka sauƙaƙa ma ɗiyarka kwanciya."

Malam Bunyaminu yana da ilmin da zai yi musu, bai yi ba. Kwana huɗu ya yi yana kallon ta ba abin da ya iya yi mata, yanzu ga wani abu an ce zai iya. Ya ɗauki wayar ya nufi shagon Tochukwu mai gyaran waya a bakin tasha.

Tochukwu ya ce, "Baba, in kwashe maka muryoyin a memori tukuna? In na share, ya tafi ke nan."

"Share duka."

Sau uku ya tambaye shi, sau uku ya ba shi amsa ɗaya. Aikin bai kai minti goma ba.

Da ya gaya wa Mariyamu, sai ta ce, "Malam, kai ba ka taɓa ji ba, shi ya sa." Ba ta sake tayar da zancen ba har yau.

Wata biyu bayan haka ya kai ɗinki shagon Abosede, Bayarabiyar tela da ta girma a garin, wadda Hausarta ta fi ta wasu 'yan gida. Ta ajiye almakashi ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, don Allah ƙarshen labarin maciji fa? Kashi sha ɗaya muka ji. Safina ta ce ta gama na sha biyu."

Ya ce bai san wani labarin maciji ba. Sai ta ba shi.

Tsohuwar tatsuniyar nan ce ta budurwar da ta ƙi kowa, maciji ya yi aron siffar mutum ya aure ta. A wajen Safina, macijin ya yi aron babur, ya yi aron shadda, ya yi aron waya da turaren Kwatano. Aka ɗaura aure, suka kama hanyar Illo. Kowane shingen hanya suka iso sai mai kaya ya tare su ya karɓi abinsa. Da aka tuɓe wa ango hula, ya sunkuyar da kai don kunya, sai amarya ta ce, "Haba angona, kwantar da hankalinka, ni ma gashin nan da kake yabo na maƙwabciya ne."

Malam Bunyaminu ya yi dariya kafin ya ankara. Sannan ya nemi kujera ya zauna.

Ya roƙi Abosede ta kunna masa. Ta ce babu. Wayoyinsu ƙanana ne, sai an goge kashin jiya ake samun wurin na yau, kuma kowa ta saki jiki don asalin yana wajen mai shi.

Daga ranar ya sayi baƙin littafin. Gida gida yake bi, ya yi sallama daga zaure, a ba shi abin da aka tuna, ya rubuta da sunan mai faɗa da kwanan wata. Inda mata biyu suka saɓa, sai ya rubuta duka biyun. Cikin shekara guda ya haɗa kashi sha ɗaya, har inda ango da amarya suka iso bakin kogin Kwara, ba sauran abin aro a jikinsa, maciji tsirara a kan yashi, ita kuma tana tsaye da akwatinta. Nan labarin ya tsaya a bakin kowa.

Abosede ta ce, "Baba, kai da ka yi jami'a, ka ƙarasa mana. Wa zai sani?"

Ya ce, "Ni zan sani."

Bara aka ba shi labarin wata mai sayar da atamfa daga tsallaken iyaka, Sa'adiyya, wadda ba ta goge komai a wayarta don ba ta iya ba. Ya hau kabu-kabu ranar kasuwar Illo ya same ta a rumfarta. Ta ce wayar ta faɗa ruwa, abu ɗaya ya tsira. Ta laluba ta danna.

Muryar Safina ta fito a shaƙe, amma da dariya a cikinta. "'Yan uwa ku yi haƙuri, jiki ya motsa. Ƙarshen yana nan cikin wayata, na gama shi. So nake in yi ƙarfin hali in jiyar da Baba tukuna. In ya yi dariya, ku ma na turo muku."

Ya duba agogonsa, daƙiƙa ashirin da biyu. Ya ce, "Hajiya, sake kunnawa." Ta sake. Ya buɗe littafin a shafin da ya daɗe da rubuta wa "Kashi na sha biyu" a sama, ya kwafe maganar kalma bayan kalma, ya sa kwanan wata, ya bar sauran shafin fari.

Sa'adiyya ta ce, "Baba, to kai ka ji ƙarshen? Amaryar ta bi shi cikin ruwan ko ta koma gida?"

Ya rufe littafin ya ce, "Ban ji ba. Ni na sa aka share."