Ƙwaryar da Ke Auna Motoci a Cadawa

Kullum in an sallame sallar asuba, Malam Safiyanu yakan share gindin bishiyar bedin da ke gaban garejinsa a Cadawa, ya jera makullan kwance noti bisa tsohon buhu, sannan ya wanke ƙwarya guda ya kife. Ba ta fura ba ce. Da ita yake aiki shekara talatin da huɗu, kuma bana ya ce bayansa ya gaji, zai ajiye.

Makaniken ƙarƙashin mota ne, gwanin lam, wato farantan ƙarfen da ke ɗauke da nauyin kamyo, babbar motar kaya, bisa ƙafafun baya. In an kawo masa mota, ba ya farawa da guduma. Cika ƙwaryar yake da ruwa, ya aje a bayan motar, ya hau ya zauna kusa da ita, ya ce direba ya bi hanyar da ya saba bi. Abin da ya rage a ƙwarya shi ke gaya masa ciwon.

Bara Hajiya Baturiya, mai fataucin aya, ta sayo kamyo daga Kwatano, irin wanda bayansa ke zaune kan balan na iska maimakon lam. Bisa kwalta kamar katifa. Amma a hanyar ƙauyukan Gazawa, ramuka da kututture suka fasa balan sau biyu cikin wata guda, har aya ta kwana uku a daji. Hajiya ta ce sayarwa za ta yi. Direbanta Tahiru, mai ƴaƴa bakwai, ya san in motar ta tafi, abincin gidansa ya tafi.

A tasha kowa ya zama gwani: a cire balan, a jibga lam sha shida, ta ɗauki abin da aka ga dama. Haka muke yi kullum. Mu ƙara ƙarfe don mu ƙara lodi, mu ɗora mata da tsofaffi a baya, in mota ta watsar da su mu ce ƙaddara. Ni kam wannan kalmar a bakin malalaci ta ishe ni.

Safiyanu ya yarda a cire balan. Ya gaya wa Hajiya balan ya fi taushi, ba musu, amma in ya fashe a daji sai an jira kaya daga Maradi. Lam kuwa in ya karye, maƙerin ƙauye ma yana ɗaure shi har a iso gida. Sha shidan ne ya ƙi. Tahiru ya nace, don yana tsoron Hajiya ta ce motar ba ta ɗaukar kaya.

"Baba, ko sha huɗu a sa mana."

"Hau mu je, ɗana. Ƙwarya za ta raba mu."

Suka ari motar wani mai lam sha shida, babu kaya a kanta, suka bi hanyar ramuka. Ba a yi kilomita biyu ba ruwan ya ƙare, ƙwaryar ma ta yi tsalle ta faɗa cikin yashi. Safiyanu ya sauka, ya ɗauko ta, ya karkaɗe.

"Ranar kasuwa in an sauke kaya za a koma gida," in ji shi, "gyatumarka ce zaune a wurin nan."

Tahiru ya haƙura. Lam goma aka sa, da ƙanana uku a sama waɗanda ba sa kama aiki sai lodi ya yi nauyi. Da aka gwada, ƙwarya ta dawo da ruwa fiye da rabi. Motar ta kwashe ayar kaka duka, Hajiya ta fasa sayarwa, Tahiru yana nan riƙe da sitiyari.

Kai ne, Malam Safiyanu, ba ka shiga lakol ka yi boko ba, amma ka auna abin da mu masu takarda muke wucewa mu kau da kai. Kai ne mai hawa baya, inda talaka ke zama. Mun gode. Allah ya ba bayanka lafiya, ya sa ka huta cikin jikoki.

Ku kuma masu gareji, ƙwarya ba ta yi wuya a kasuwar Cadawa ba. Kafin ku ƙara lam ɗaya, ku cika ta, ku hau baya ku zauna kusa da ita.