Maganar da Ba a Faɗa wa Suruki

Da surukina ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya duba duk sana'o'in da Allah ya shimfiɗa a duniya, sai ya zaɓi wadda ba ya iya ambaton rabin abin da ke cikinta da bakinsa. Kiwon shanun madara. Gidansa na Barnawa yana da fili a baya, inda muke shanya, inda kuma wata tsohuwar mota ta shekara tana hutawa. Ya sa aka janye motar, aka kafa rumfar kwano, aka zuba siminti, aka kawo shanu 'yan haɗi, uwa tamu ta gida, uba na Turawa. Maƙwabta suka shigo suka yi masa barka, suka koma gidajensu suka rufe tagogi.

Ni matar ɗansa na fari ce. Mijina yana aiki a Fatakwal, sai hutu muke ganinsa. Na yi karatun koyarwa, ina jiran takardar ɗaukar aiki, wadda har yau tana kan hanya, Allah ya kawo ta lafiya. To tunda an ce ina zaune ba abin yi, sai tatsa ta faɗo a kaina. Baba shi ne mai garke. Ni ce mai bokiti da shebur.

Da na idar da sallar asuba sai rumfa. In kwashe kashi, in wanke hantsa da ruwan ɗumi, in tatsa, in tace, in dafa, in zuba a robobi ya kwana ya zama kindirmo, mai keke ya zo ya kai shaguna. Dusa daga Makera ake kawowa, harawa kuwa daga wurin manoman Kamazou, kuma duk ni ke tsayawa in ga ba a cika mana buhu da ƙasa ba. Baba sai hantsi ya ɗaga, ya sha shayi, ya ji labaran duniya, sannan ya fito cikin farar riga ya tsaya a daidai inda na gama wankewa. A lokacin shanun sun ƙoshi sun kwanta suna tuƙa kamar ba su san komai ba. Ya dube su, ya gyaɗa kai, ya koma falo ya gaya wa abokansa yadda kiwo ke da wahala.

Ba ma magana kai tsaye ni da shi, in ban da gaisuwa. Gidanmu gidan kunya ne, da shi ake misali a dangi. In madara ta ragu, saniya yake duba ya ce, “Ke, me ake ba ki ne kwanan nan?” Ni kuma in dubi bokiti in ce, “Dusar wannan karon ce ba ta da kyau.” Da haka muke tafiyar da kamfani.

A cikin shanun akwai wata ja. A rumfar aka haife ta, uwarta ta mutu ta bar ta ko tsayuwa ba ta iya sosai ba. Ni na shayar da ita da kwalba, na rufa mata tsohon zanena lokacin sanyi, na ɗebe mata kaska da hannuna. Ta girma tana bina har ƙofar kicin. Ba zan ɓoye ba, ina son saniyar nan fiye da wasu 'yan uwana na jini, kuma ta fi su sanin alheri.

Ba mu da bijimi, don Baba ya ce wannan kiwon zamani ne. Akwai wata likitar dabbobi, 'yar kudancin Kaduna, tana zaune a Romi, muna ce mata Madam. Ita ke zuwa a babur da tulun ƙarfe mai sanyi, a ciki akwai irin bijimin da ko hotonsa ba mu taɓa gani ba, ta yi wa saniya allurar barbara. Ranar da ta fara zuwa ta tara mu a tsakar gida don ta koya mana yadda ake gane saniya tana neman namiji. Madam ba ta san wani abu wai shi kwana-kwana ba. Ta ɗaga wutsiyar wata saniya, ta nuna, ta kira kowane abu da sunansa. Ta ce wurin zai kumbura, farin ruwa mai yauƙi zai riƙa zuba kamar na kuɓewa, saniya za ta hau 'yan uwanta, babbar alama kuma ita ce ta tsaya cak a hau ta.

Ba ta kai rabi ba Baba ya tuna bai yi alwala ba, alhali ko azahar ba ta kusa ba. Hajiya, surukata, ta ja mayafi ta ce tana jin ƙaurin girki, ba kuwa a ɗora komai ba. Ni kaɗai na rage. Madam ta dube ni ta ce, “Sista, ke ce dai. In kin gani da safe, a kira ni kafin yamma. In ya wuce, shi ke nan, sai bayan sati uku. Saniyar da ba ta haihu ba kuma ba ta da nono, kin gane ko?”

Na gane. Abin da ban hango ba shi ne dokar Baba: ba mai kiran likita a kan dabbarsa sai shi.

Sauran shanun ba su ba mu wahala ba, don marasa kunya ne na gaske. In lokacinsu ya yi, sai sun ta da unguwa da kuka, har Baba ya jiyo daga falo, ya ɗauki waya ya ce, “Madam, a zo a duba mana.” Ba sai ya ce me za a duba ba. Amma jar nan a gidan ta tashi, tarbiyyar gidan ta ɗauka. Cikinta na fari ma sa'a ce, Madam ta zo duba wata ta gani da idonta. Bayan ta haihu, nata neman a ɓoye take yi. Da duku-duku za ta ɗan yi zirga-zirga, ta ƙi cin dusa, ta riƙe nono, ta tsaya wata ta hau ta sau ɗaya ko biyu. Kafin Baba ya gama shayi ta kwanta tana tuƙa, salihar baiwar Allah.

Karon farko na ruga wurin Hajiya na faɗa mata komai, muna mata biyu a ɗaki. Ta toshe baki ta ce, “A'uzubillahi! To, zan sanar da shi.” Ta je ta durƙusa ta ce, “Alhaji, jar saniyar nan kamar ba ta jin daɗi.” Baba ya fito ya dube ta da idon ƙwararre, ya aika aka sayo maganin tsutsar ciki. Ni na ɗura mata da hannuna, ina ba ta haƙuri.

Da sati uku ya zagayo na kira mijina. Na ce ya taimaka ya gaya wa mahaifinsa, ai namiji da namiji ne. Sai ya ce, “Ni? Ni ɗan fari in buɗe baki in ce wa Baba saniya tana... Haba, ke ma dai. Ki yi addu'a.” Na yi addu'a. Saniya ma ta yi nata, lokaci ya wuce.

Na uku na yi ta maza na kira Madam da kaina. Ta ƙona mai tun daga Romi, ta iso da tulunta. Baba ya tarbe ta a ƙofar gida da fara'a, ya sa aka ba ta ruwan sanyi, ya ce shanunsa lafiya lau, in da wani abu ai shi zai fara sani. Ya raka ta har bakin babur. Daga baya ta kira ni ta ce, “Sista, abeg, don Allah kar ki ƙara sa ni wannan tafiyar. In Baba bai kira da bakinsa ba, ba ni zuwa.” Ban ga laifinta ba.

Nonon jar ya yi ta ja da baya har ya kusa ƙafewa. Tana cin dusa kamar kowa, bokitinta ko gindi ba ya rufewa. Wata safiya Baba ya tsaya a kanta ya ce, “Ke dai juya kika zama. Ci ba amfani. In aka shiga watan Babbar Sallah ba ki da ciki, mahauta za su san yadda za su yi da ke.” Na dubi bokiti, na ci gaba da tatsa.

Kalmar nan ta juya ta soke ni, don ni ma na daɗe a gidan ban ko yi ɓari ba. Abin mamaki, a kan wannan ba wanda ke jin kunya. Ƙawayen Hajiya in sun zo, sai su dubi cikina kafin su dubi fuskata. Su tambaye ni yaushe na ga wata, su tambaye ni ko ina zuwa Fatakwal a kan lokaci, su ba ni saiwoyi a ƙulle a leda da cikakken bayanin yadda ake yi, a tsakar gida, da rana tsaka. Mahaifata kowa yana da izinin leƙawa. Ta saniya ce dai abin girmamawa.

Ranar da mahauci ya zo, wallahi kamar da gangan, ranar jar ta sake nema. Tun asuba na ga yauƙin yana zuba har kan ƙafarta, ta ƙi dusa, tana bin 'yar uwarta tana shinshina. Ina cikin tatsa na ji tsayuwar mota. Sai ga Baba, a karon farko a rayuwarsa ya shigo rumfa da sassafe, mahauci na biye da shi da igiya a kafaɗa. Mahaucin ya daddanna cinyarta, ya taɓa ƙirjinta, ya ce, “Alhaji, an kula da ita kam.” Ai kuwa an kula.

Suna tsaye suna ciniki sai baƙar saniyar da ke kusa ta ɗaga ƙafafu ta hau ta. Jar ta tsaya cak, ba ta ko motsa ba. A gaban idonsu. Baba ya ɗaga kai yana duba kwanon rumfa, wai ko yana yoyo.

Ban san lokacin da na ajiye bokiti ba. Na miƙe. Ban dubi saniya ba, ban dubi ƙasa ba, shi na duba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

Na ce, “Baba, saniyar nan ba juya ba ce. Namiji take nema. Ga gabanta nan ya kumbura, ga ruwa yana zuba, ga ta an hau ta ta tsaya. Duk bayan sati uku haka take yi da asuba, kana barci. Don girman Allah ka kira Madam yau kafin yamma, za ta ɗauki ciki.”

Mahauci ya sunkuyar da kai yana warware igiyar da ba ta ƙulle ba. Daga can ƙofar kicin na ji Hajiya ta saki salati. Na ga gumi a goshin Baba, na ga hannunsa ya tafi aljihun da waya take, raina ya ce alhamdulillahi, an gama.

Carbi ya ciro. Ya juya wurin mahauci ya ce, “A ina muka tsaya?”

Sai da maza uku suka taru kafin ta hau motar. Tana ta waiwayen rumfa tana kuka, irin kukan da da ta yi shi watannin baya da Baba ya jiyo daga falo. Na koma na ƙarasa tatsar sauran, don su ba ruwansu da abin da ke damuna, nono kuma ba ya jira. Na yi kuka sosai, kaina a jikin baƙar.

Washegari mahauci ya aiko da hanta da ƙoda, kyautar mai dabba. Hajiya ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado. Ba faɗa ta zo yi ba, fuskarta cike da murna. Ta ce, “'Yar nan, ki gode wa Allah da ya ba ki suruki irin wannan. Na tambaye shi me kika ce a rumfa, ya ce shi bai ji kin ce komai ba. Kin ga da ya kira matar nan, ai ya nuna ya ji ke nan, kuma da wane ido za ki ƙara kallonsa? Ya gwammace ya rasa saniya sukutum da ya bari ki ji kunya. Tashi ki je ki yi masa godiya.”

Na dube ta ko wasa take yi. Ba wasa take yi ba, shi ma kuma na san da zuciya ɗaya ya yi. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, ko wanda zan tsana ban samu ba.

Na yafa mayafi na nufi falo. Yana zaune, an ajiye masa farantin hantar a gabansa, bai taɓa ba. Na durƙusa a bakin ƙofa, na sunkuyar da kai, na ce, “Na gode, Baba.”

Ya dubi bango ya ce, “Ba komai. Allah ya yi albarka.”