Mai Cire Ciyawar Hasumiya

Siriri ne, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, ƙafafunsa fari fat da ƙurar dutse. Yana can saman tsani, jikin tsohuwar hasumiyar da hukuma ta zagaye da waya. A hankali yake zare ciyawar da ta tsiro tsakanin duwatsu, kamar mai cire wa yaro ƙaya. Ina jin ko a gidansa ba ya ɗaga murya.

Ni da Inna muna bayan waya. A gindin hasumiyar nan ta girma kafin a tashe su daga wurin. Yanzu idonta ya tafi, ta ce in kawo ta.

"Ɗan nan," ta kira shi da ta ji motsinsa, "har yanzu ana hango kogi daga can?"

"Ana hangowa, Inna. Sai dai ya rame, kamar ni."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya sauko ya miƙo hannu ta cikin waya, ta kama tana shinshina ƙurar, tana sa masa albarka.

Ni na riƙo ta tun daga gida, amma ta saki hannuna don ta kama nasa, kuma har yanzu ba ta neme ni ba.