Lambar Wayar Kawu

Jiya a tashar motar Dutse na danna lambar wayar marigayi Kawu bisa kuskure, sai wata mata ta ɗauka tana cewa, "Wa ke magana?" Ashe kamfani ya sayar mata da layin. Na kashe.

Kawu yayan mahaifiyata ne, tsohon malamin lissafi. Duk doguwar lambar da ya gani sai ya haɗa alƙalumanta. In jimlar ta rabu da tara, to lambar ma za ta rabu. Ta wayarsa kuwa alfahari yake da ita. "Tara na shigarta cif, ba ragowa," yakan ce yana tauna goro.

Da jikinsa ya shanye, na je Miga duba shi, ɗakin duk warin man zafi. Ya ce in karanto masa lambar ya haɗa. Ya kai tsakiya ya tsaya, leɓensa na motsi. Ya sake farawa, ya sake tsayawa.

"Kawu, ka bari ka huta."

"A'a, ɗana. Ai tawa ce."

Yanzu ba tasa ba ce, ni kuma na kasa goge ta. Allah ya jiƙansa, ya ba shi gidan da ba za a taɓa miƙa wa wani ba.