Ranar da Hannun Anti Ya Zame

Shekara goma sha biyu Anti tana kula da injin imel na ofishinsu, a ɗan ɗaki mai sanyin tsiya. Wata Talata saƙo ya daina shiga. Da ta duba, ashe watan jiya hannunta ya zame ta danna maɓallin ɗaukar hoton injin, wato kwafin duk abin da ke cikinsa, hoton ya yi ta kumbura har ya cinye faifan ajiyar injin, babu inda sabon saƙo zai sauka. Nan take ta haɗe hoton da asalinsa, wuri ya samu a faifan. Kafin azahar imel ya dawo.

Manaja ya leƙo. "Anti, wa ya yi mana wannan aika-aikar?"

"Yallaɓai, na kama ta, na wanke ta tas. Ta rantse ba za ta ƙara ba."