Amsoshin da Aka Aika da Sunan Maame Araba

Duk Sekondi, in ka ce Maame Araba Essilfie, sai a ce maka, "Ta ɗakin masu tari?" Ita ɗin ce. Tun tana budurwa ta kama aikin asibiti, ba nas ba, ba likita ba, mai goge-goge da kwashe-kwashe a ɗakin masu tarin fuka. Ita ke ɗaukar kofunan kaki, ita ke cire zanen gadon da jini ya ɓata, ita ke wanke majinyacin da danginsa suka coge a bakin ƙofa suna toshe hanci. Ta yi wannan aiki har furfura ta cinye mata kai, kuma ba wanda ya taɓa ganin ta yatsina fuska. Takan fito ta wanke hannu, ta zauna ta ci dokununta, wato tuwon masara na ƙunshin ganye, da soyayyen kifi hankali kwance. Abu ɗaya ne ba ya wuce mata a maƙogwaro, wato aikin ha'inci, a goge saman tebur a bar ƙarƙashinsa. Nan za ka ji bakinta, kuma bakin ba daɗi.

Da ta yi ritaya, 'yarta da ke aure a Tema ta kawo mata kwamfuta irin ta tebur, wai don ta riƙa ganin jikoki. Ƙanen Maame Araba, Ato, mai shagon buga takardu a bakin kasuwa, shi ya zo ya haɗa mata. Ato mutum ne mai faram-faram da zaƙin baki, ga son a ce shi ne gaba ko a layin cin abinci.

"Sista," ya ce, "wannan abu zaman banza zai yi ta yi. Akwai wasu masu bincike da ke neman sabon maganin tarin fuka. Lissafin ya fi ƙarfin injinansu, sai suka yanyanka shi ƙanana suna raba wa duk mai so. Kwamfutarki ta karɓo nata, ta yi, ta mayar musu da amsa. Amma fa ba a biya."

"Maganin tarin ka ce?"

"Shi fa."

"To me kake jira? Sa mini."

Daga ranar kwamfutar ba ta ƙara hutawa ba. Maame Araba ta ɗauki abin kamar an mayar da ita bakin aiki. Da safe ta goge ta, ta duba layukan da ke cika a hankali a kan allo, ta ce, "Yawwa, ci gaba." Ato yana da ƙungiyar masu irin wannan sa kai, malaman makaranta da 'yan fansho, ya sa sunanta a ciki, kuma kowace amsa aka mayar ana ba da maki, ana jera ƙungiyoyin duniya a ga wa ke sama. Su babban burinsu a rayuwa su wuce wata ƙungiya ta Legas. Ita kuwa ko a jikinta. "Makin nan," takan ce, "ana miya da shi ne?"

Amma akwai abin da ya shige ta. Bayan an kwana biyu, Ato ya gaya mata cewa masu binciken kan ba kwamfuta biyu lissafi ɗaya, su gwada amsoshin, in sun saɓa su sake rabawa. Sai dai kwamfutar da ta daɗe ba ta yi kuskure ba sukan yarda da ita, su karɓi yawancin amsoshinta ba gwaji. "Taki ta shiga wannan sahu, Sista." Ranar har waƙar coci ta yi tana shara. Takardar yabon da asibiti ya ba ta ma ba ta faranta mata rai haka ba.

To, bayan Ista sai abu ya ɓaci. Tana zaune tana gyaran kifi, sai ta ji fankar kwamfutar ta yi shiru, allo ya yi baƙi, can kuma ta ji ƙit, ta tashi da kanta kamar ba ita ba. Washegari ta sake. Ba sallama, ba bayani, ta mutu ta tashi, kuma duk lissafin da ke hannu ya koma baya.

Ta fara ɗora laifin kan masu wuta, don su ma ba su da gaskiya, ta sayo sitabilaiza. Ba ta daina ba. Wata maƙwabciya ta ce zafi ne, sai Maame Araba ta nemo sukundireba ta kwance murfin. Kai, ƙazanta! Ƙura ta yi tabarma a kan fankar, ga ƙwan kyankyaso jere a lungu, ga wata tsaka ta bushe ƙamas a manne da waya. Ta sa hannu ta ɓanɓare ta ba ko ɗar, kunya kawai ta ji, ita da ke faɗan a goge ƙarƙashin tebur. Ta share tas, ta mayar da murfi, ta girka mata fankar ɗaki a gefe. Kafin la'asar ta sake mutuwa.

Ta kira Ato a waya. "Haba Sista, ki bar ta mana," ya ce yana dariya. "Ba tana tashi ba? Tsufa ne, irin namu."

Wannan amsa ba ta gamshe ta ba. Wanda ke suma yana farfaɗowa ba lafiyayye ba ne, ko yaro ya san haka. Ta naɗe kwamfutar a zane, ta hau mota da ita a cinya har Takoradi, wurin wani mai gyara, Ekow Yankson, wanda suke coci ɗaya.

Ekow bai yi gaggawa ba. Ya canja akwatin da ke ba ta wuta, ta mutu. Ya cire ƙwaƙwalwarta ya sa wata, ta mutu. Ya tsayar da manhajar lissafin, ta zauna lafiya lau har ya gama cin abinci. Yana mayar da lissafin ta sake faɗuwa. Sai ya shiga can cikin saitinta, ya daɗe yana kallo, ya ɗago.

"Maame, wa ya ƙara mata gudu?"

"Gudu kuma? Ni ko ƙara mata ƙara ban iya ba."

"To wani ya iya. An matsa mata ta yi sauri fiye da ƙarfinta. Zan mayar da ita daidai yanzu, ba za ta sake mutuwa ba." Ya juyo ya dube ta. "Sai dai in gaya miki gaskiya, injin da aka matsa wa haka, tun kafin ya faɗi yake tafka kuskure a lissafi. Mutuwar ce kike gani. Kuskuren ba a ganinsa."

Ba wanda ke taɓa kwamfutar nan sai mutum ɗaya, kuma ta tuna ranar Ista, bayan an ci an sha, Ato ya zauna gaban kwamfutar wai yana duba mata ita.

Ba ta biya gida ba, shagon Ato ta nufa da kayanta. Ta same shi ya baje yana cin shinkafa da wake a ganye, man miyar yaji ta shito har gwiwar hannu.

"A'a, Sista! Bismillah, zo mu ci."

"Kai ka ƙara mata gudu?"

Ko ƙwarewa bai yi ba. Ya lashe yatsa ya ce, "Au, shi ne? Ɗan kaɗan na taɓa. Gasa ta matso, mutanen Legas suna hura mana hanci. Kowa haka yake yi, har Jamusawa."

"Na sauran ma ka taɓa?"

"Na gwada, amma nasu ana kama kuskuren, a hana maki, asara ce. Taki ce mai albarka, tunda ba a cika duba ta ba. Ta aika, a karɓa, a ba mu maki. Ke ce kike ɗauke da mu, Sista, ki yi alfahari!"

Ya faɗi haka yana washe baki, da ƙwayar shinkafa a leɓe. Maame Araba ta tsaya tana kallonsa, sai ta ji yawu ya cika mata baki. Ita da ta kwashe kakin mutane da jininsu ba ta taɓa jin haka ba. Ta fita ta tofar a kwata, ta goge baki da gefen zane, ta dawo.

"Tir da kai, Ato. Tir! Uwa ɗaya ta haife mu, amma yau ƙyanƙyaminka nake ji. Mutane na can suna tofar da huhunsu, kai kana wasan ƙwallo da maganinsu?"

"Haba, abin bai kai nan ba. Ƙila ma yawancinsu daidai ne."

"Ƙila? To nuna mini na daidai, ka nuna mini ruɓaɓɓun."

Ya kawar da kai. "Ba yadda za a gane."

"Ko kai ba ka sani ba?"

"Ban sani ba."

"To zan gaya musu."

Nan ne fara'ar ta ɗauke. Ya ture ganyen gefe, ya rage murya don kada masu jiran takarda su ji. "Sista, ki yi tunani. In kika faɗa, ba na bayan Ista kaɗai za su yi shakka ba. Duk abin da kika yi musu shekarun nan za su kalle shi da ido ɗaya, su cire ki daga waɗanda aka yarda da su. Kuma ki tuna, ni ba sunana a wurin. Naki ne a kan kowace amsa. Ki yi shiru kawai, tunda an gyara, magana ta wuce."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa, kuma ya san inda zai taɓa ta ji zafi. Ta ɗauki kayanta ta fita ba sallama.

A gida ta haɗa wayoyin yadda Ekow ya nuna mata. Fanka ta tashi a hankali, ba wannan gurnani na kwanakin baya. Ta zauna ta daɗe, ranta a jagule, don ta so yardar nan da aka yi mata, ta so ta ƙwarai, kuma ba wanda zai taɓa sani in ta ja bakinta. Dokunun da ta saya a hanya yana nan a leda, ta kasa ko buɗe shi.

Ta sa tabarau, ta nemo wurin da ake aika wa masu binciken saƙo. Da yatsa ɗaya take bugawa, tana neman kowane harafi. Ba ta ambaci Ato ba, ba ta ambaci Legas ba. Ta rubuta cewa ita ce Araba Essilfie ta Sekondi, kuma duk amsar da kwamfutarta ta aika tun Ista a zubar, a ba wasu su sake. Ta karanta, ta ga da saura, ta ƙara layi ɗaya kafin ta danna.

"Daga yau ku riƙa duba aikina, kada ku ƙara yarda da ni."